DARASI: YADDA SHUKA TAKE KARE KANTA DAGA CUTA

Ƴan uwa makiyaya da manoma, kowa ya san allurar rigakafi da ake yi wa bisashe. To, shuka ma tana da nata rigakafin cikin jikinta. Abin ya shafe mu, don waken da cuta ta kakkaɓe wa ganye ba ya ba da harawa.

1. Ƴan aike cikin shuka

Shuka ba ta da jini, amma tana da sinadarai masu kai labari daga ganye zuwa ganye. Masana suna ce musu ormon. Biyu ne manya wajen tsaro:

- Salisilik: yana tashi in ƙwayar cuta ta shiga ganye. Dangin asfirin ne.
- Jasmonik: yana tashi in tsutsa ko fara ta ciji ganye, ko ruɓa ta kama shi.

2. Yaya suke aiki?

In cuta ta kama ganye guda, sau da yawa shuka takan kashe wurin da kanta, ya zama ɗan tabo busasshe, cutar ta rasa hanya. Daga nan labari ya kai ga sauran ganyaye, su shirya. A 1961 aka nuna haka a jikin taba a Amurka. A 1990 aka gano hannun salisilik cikin aikin, a taba da kokwamba. Yau an san ƴan aiken nan suna cikin wake, gyaɗa, hatsi, dawa da itatuwa.

3. Hattara da makaman shuka

Wani makamin shuka guba ne ga dabba. Ƙaramar dawa da gyauronta suna da guba mai kashe saniya cikin ɗan lokaci, balle in fari ya taɓa su. Alamu: numfashi sama-sama, karkarwa, faɗuwa.

4. Abin da ya kamata mu yi

- Mu ɗebi iri daga shukar da ta tsira lafiya.
- Mu kai taki gona. Shuka mai yunwa tsaronta rauni gare shi.
- Mu cire zangarniya mai burtuntuna, mu ƙone.
- Kada mu saki bisashe cikin gyauron dawa. A yanke shi, ya bushe sarai tukuna.
- Asfirin ba maganin gona ba ne.

In dabba ta faɗi bayan cin ɗanyar dawa, a gaggauta kiran ma'aikacin kiwo na kusa.