Lissafin Kimiyyar Sinadarai da Hausa: Misalai Daga Ƙasar Karasuwa

Gabatarwa

Sau da yawa akan ce Hausa ba za ta iya ɗaukar darasin kimiyya ba. Wannan maƙala za ta gwada lissafi uku na kimiyyar sinadarai, da misalai daga abubuwan da ake gani kullum a kasuwannin Jajimaji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, da Nguru da Gashuwa. Dukkan ukun rabawa ce kawai.

1. Dansiti

Dansiti shi ne nauyin abu idan an raba shi da girman wurin da ya cika. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, amma lita 1 ta man gyaɗa kimanin kilo 0.91 ce. Shi ya sa mai yake tasowa saman ruwa.

Misali: jarka mai lita 25 cike da man gyaɗa. Nauyin man shi ne 25 × 0.91 = kilo 22.75. Idan an cire nauyin jarkar aka ga ya haura haka sosai, to mai saye ya bincika, wataƙila an yi algus.

2. Ƙarfin haɗi

Wannan shi ne yawan abin da aka narkar a cikin kowace lita ta ruwa. A nan kuskure yana iya taɓa rai. Ƙunshin gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa, bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2002, yana ɗauke da giram 2.6 na gishiri da giram 13.5 na gulukos, tare da wasu sinadarai biyu, domin lita 1 ta ruwa.

Ledar fiya wata rabin lita ce. Idan uwa ta juye ƙunshin lita 1 a ruwan leda ɗaya, lissafin zai zama 2.6 ÷ 0.5 = giram 5.2 a lita. Gishirin ya ninka ke nan, kuma maimakon ya mayar wa yaro da ruwan jikinsa, sai ya ƙara masa illa. Leda biyu ake bukata. A riƙa duba abin da aka rubuta a jikin ƙunshin, domin akwai na rabin lita.

3. Auki

Bahaushe kan ce shinkafa ta yi auki. A kimiyya, auki shi ne abin da aka samu a zahiri, a raba da abin da lissafi ya ce za a samu, sannan a ninka da 100.

Mu ɗauki kanwa, wadda aka daɗe ana fataucinta daga ƙasar Manga, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930. Cikin sinadaranta akwai sodiyam bayikabonet. Idan aka gasa giram 168 na tsantsarsa, ruwa da iskar kabon dayoksaid za su fice, a bar giram 106 na sodiyam kabonet. A ce ɗalibi ya samu giram 90. Aukinsa shi ne 90 ÷ 106 × 100, wato kimanin kashi 85 cikin 100. Idan amsa ta wuce 100, to hodar ba ta gama gasuwa ba, ko kuwa akwai ƙasa a ciki.

Kammalawa

Mun ga cewa kalma ɗaya kawai muka aro daga cikin ukun. Sauran biyun daga bakin jama'a suka fito. Aikin da ya rage wa ɗaliban harshe shi ne tattaro irin waɗannan kalmomi daga masu tuyar ƙuliƙuli da fataken kanwa, a daidaita su.

Aikin gida: an narkar da giram 30 na sukari a lita 1.5 ta ruwa. Nawa ne ƙarfin haɗin?