Yadda Malami Zai Ja Ragamar Tattaunawar Aji ta Intanet

Gabatarwa

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta rufe makarantu a faɗin duniya, hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa rufewar ta shafi ɗalibai sama da biliyan 1.5. Malamai da dama suka koma koyarwa ta wayar hannu da kwamfuta, wasu ta WhatsApp, wasu ta Moodle ko Zoom. Ba a jima ba suka gano cewa aika darasi ba shi da wuya; wuyar tana wajen sa ɗalibai su tattauna a kansa. Malami zai jefa tambaya ga ɗalibai arba'in, uku su amsa, sauran su yi tsit. Wannan maƙala za ta duba yadda malami zai koyi jan ragamar irin wannan tattaunawa, musamman wadda ake yi a rubuce.

Bambancin Ɗakin Aji da Ajin Intanet

A ɗakin aji malami yana karanta fuskoki. Yana ganin wanda ya gyaɗa kai da wanda ya rikice. A tattaunawar rubutu kuwa babu fuska, babu murya. Shirun ɗalibi yana iya nufin bai gane ba, ko yana jin kunya, ko cajin wayarsa ne ya ƙare. Saboda haka kada malami ya yi saurin yanke hukunci a kan mai shiru. Ya tuntuɓe shi a keɓe tukuna.

Sai dai kuma wannan hanya tana da wata babbar riba, wato lokacin tunani. A farkon shekarun 1970, Mary Budd Rowe, wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta gano cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Idan suka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan ƙara tsawo, masu amsawa kuma su ƙaru. Tattaunawar rubutu tana ba ɗalibi sa'o'i, wani lokaci ma kwanaki, matuƙar malami bai yi gaggawar faɗin amsa ba.

Wani bincike da Margaret Mazzolini da Sarah Maddison suka buga a 2003, bisa darussan ilmin taurari da Jami'ar Swinburne ta Ostiraliya ta koyar ta intanet, ya ƙarfafa wannan batu. Sun lura cewa yawan tsoma bakin malami bai ƙara yawan rubutun ɗalibai ba, hasali ma tattaunawar takan gajarce. Dalilin a fili yake: da zarar malami ya faɗi tasa, ɗalibi kan ɗauka magana ta ƙare.

Matakai Huɗu na Tattaunawa

A shekarar 2000, masana uku a Kanada, wato Randy Garrison da Terry Anderson da Walter Archer, sun bayyana cewa tattaunawa mai amfani takan bi matakai huɗu. Bari mu gwada su da misali daga darasin kimiyya.

(a) Tayar da tambaya. Tambayar da amsarta ɗaya ce takan mutu da zarar ɗalibi na farko ya amsa. Maimakon a ce, "A wane ma'aunin zafi ruwa ke tafasa?", gara a ce, "Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, alhali a inuwa ɗaya aka ajiye su?" Kowane ɗalibi yana da abin cewa a nan.

(b) Lalube. Wani zai ce kaurin randa ne, wani ya ce ƙasa ce mai sanyi, wata kuma ta ce ta lura jikin randa kullum a jiƙe yake. A nan malami ya riƙe bakinsa game da amsa, ya yi tambaya kawai: "Wa ya taɓa jin jikin randar? Daga ina danshin nan yake fitowa?"

(c) Haɗa zaren magana. Wannan shi ne aikin da ya fi buƙatar malami, domin tattaunawa da yawa a mataki na biyu suke tsayawa. Sai ya tattara abin da aka faɗa, yana ambatar sunan kowa, ya nuna inda ra'ayoyi suka dace da inda suka saɓa. Daga nan ɗalibai da kansu za su kai ga cewa randa tana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, kuma yayin da yake zama tururi yana ɗauke zafi daga jikinta.

(d) Gwaji. A ba su aiki: kowa ya cika kwalba biyu da ruwa, ya naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye su a inuwa inda iska ke kaɗawa, ya kawo rahoton abin da ya gani. Wannan ka'ida ce Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yi amfani da ita wajen yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu, aikin da ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Wasu Ƙa'idoji ga Malami

Da farko, a fara da sabo. Gilly Salmon, wadda ta horar da malamai a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, ta nuna cewa sai ɗalibai sun iya shiga ajin, sun kuma saba da juna, kafin su iya gina ilmi tare. Don haka makon farko na gaisuwa ne da gabatar da kai.

Na biyu, a bayyana doka tun da wuri: ranar da kowa zai rubuta nasa ra'ayin, da ranar da zai amsa wa abokinsa. A hana zagi da ba'a. A soki ra'ayi, a bar mai ra'ayi.

Na uku, a raba babban aji zuwa ƙananan rukunai, kowane da mai taƙaita bayani, a riƙa juya aikin. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, kada a bar kuskuren kimiyya ya kwana har ya zauna a zukata. A fara ba ɗalibai damar gyarawa. Idan sun kasa, malami ya gyara cikin ladabi.

Kammalawa

Jan ragamar tattaunawa sana'a ce da ake koyo da aikatawa. Bayan kowace tattaunawa, malami ya koma ya ƙidaya: saƙo nawa ya rubuta, nawa ɗalibai suka rubuta, nawa ne daga cikinsu ɗalibi ya amsa wa ɗan'uwansa? Idan duk amsoshin gare shi suke dawowa, to da sauran aiki. Ɗalibi kuma ya sani cewa tambayar da yake jin kunyar yi, sau da yawa ita ce ke damun abokansa, don haka ya daure ya rubuta ta.