IDAN HUKUMA TA JANYE HARAJI: DARASI DAGA SHEKARAR 2005

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai azurta bayinsa na birni da na ƙauye. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata tambaya da wani dattijo ya yi mani bayan sallar La'asar, a nan Madarunfa. Ya ji a rediyo cewa gwamnatin Gana ta soke harajin da ake cirewa wajen aika kuɗi ta wayar salula a watan Afrilun 2025, kamar yadda shugaban Kenya ya janye dokar harajinsa a watan Yunin 2024 bayan an yi asarar rayuka, sai ya ce: "Malam, idan hukuma ta aza haraji, mutane suka koka, ta janye, shi ke nan magana ta ƙare?" Na ce masa amsar ba ta bukatar mu je Gana ko Kenya, domin abin ya taɓa faruwa a ƙasarmu, kuma da yawa daga cikin masu sallah tare da mu sun gani da idanunsu.

ABIN DA YA FARU

A watan Janairun 2005, farkon wa'adi na biyu na marigayi shugaba Tanja Mamadu, lokacin marigayi Hama Amadu yana firaminista, Allah ya jiƙansu, dokar kasafin kuɗi ta faɗaɗa harajin nan na TVA, mai kashi 19 cikin ɗari, zuwa kan kayan masarufi: garin alkama, madara, sukari, da kuma ruwan famfo da wutar lantarki. Gwamnati ta kafa hujja da ƙarancin kuɗin shiga da alkawuran da ta ɗaukar wa masu ba ƙasa rance, musamman asusun FMI.

Ya kamata mu fahimci yadda wannan haraji yake aiki. Ba a bin mutum gida a karɓa kamar lanho. Ana saka shi ne a cikin farashi, ta yadda kayan jikka ɗaya zai koma jikka ɗaya da sefa 190. Attajiri da bazawara mai marayu, idan suka sayi kilo ɗaya na sukari, abin da suke biya daidai yake, alhali nauyinsa a kansu ba daidai yake ba. Wannan shi ne ainihin abin da ya harzuƙa mutane.

Ƙungiyoyin farar hula da na ma'aikata suka haɗu a cikin ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, a ƙarƙashin jagorancin Nuhu Arzika. Ranar 15 ga Maris dubban mutane suka yi jerin gwano a Yamai. Ranar 22 ga wata aka yi kiran zaman gida, kasuwanni da kantuna suka kasance a rufe. Zanga-zanga ta bazu zuwa Maradi, Damagaram, Tawa da Agadas, a wasu wurare kuma an yi ɓarna. A ƙarshen watan aka kama biyar daga cikin jagororin, bisa zargin yi wa tsaron ƙasa zagon ƙasa, aka sake su a farkon Afrilu. Ranar 19 ga Afrilu, cikin watan Rabi'ul Awwal na 1426, aka cim ma yarjejeniya: aka ɗauke harajin daga garin alkama da madara, aka sassauta wa masu ƙaramin amfani da ruwa da wuta, amma aka bar shi a kan sukari.

MATSAYIN HARAJI A SHARI'A

Asali a shari'a shi ne dukiyar mutum tana da alfarma. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya nanata alfarmar jini da dukiya da mutunci a huɗubarsa ta hajjin ban kwana. Akwai wani nau'in karɓa da malamai suke kira maksu, wato kuɗin da ake tatsa a hanyoyi da kasuwanni ba bisa haƙƙi ba. Hadisin matar nan Bagamidiya da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna girman laifin mai karɓarsa, domin da shi aka buga misali wajen bayyana girman tubarta.

To, shin wannan yana nufin duk abin da hukuma ta karɓa bayan zakka haramun ne? Manyan malamai ba su tafi a kan haka ba. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a shekarar 790 ta hijira, ya yi bayani a littafinsa Al-I'itisam cewa shugaba adali yana iya aza wa mawadata abin da zai toshe bukatar tsaron ƙasa idan baitulmali ya ƙare. Imam Gazali ma ya riga shi zuwa ga irin wannan ra'ayi. Idan aka tattara maganganunsu, sharuɗɗan su ne: bukatar ta zama ta gaskiya; a rasa abin biyanta a baitulmali; a karɓa gwargwadon bukatar; a aza nauyin bisa ikon mutane; a kashe kuɗin a inda aka ce za a kashe su.

Akwai misali mai kyau a tarihi. Lokacin da rundunar Tattar ta doshi Masar, kafin yaƙin Ainu Jalut na shekarar 658 ta hijira, wato 1260, Sarki Ƙuɗuz ya nemi fatawar karɓar kuɗi daga talakawa. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalam ya amsa cewa sai an fara ƙarar da abin da ke baitulmali, manyan sojoji kuma su sayar da kayan adonsu na zinariya, sa'an nan a juyo kan jama'a. Malamin bai hana haraji ba, amma ya tsara wanda zai fara biya. Idan muka auna dokar 2005 da wannan ma'auni, za mu ga bukatar ƙasa gaskiya ce, domin makarantu da likitoci da albashi ba su tafiya da iska. Inda aka samu giɓi shi ne sharaɗi na huɗu, domin an fara da abincin talaka, kuma a shekarar da damina ta gaza.

DARASI NA FARKO: JANYEWA BA KUNYA BA CE

Sayyidina Umar (R.A.), a wasiƙarsa zuwa ga Abu Musal Ash'ari, ya hore shi da cewa kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi gyarawa yau idan daidai ya bayyana gare shi. Shi da kansa ya aikata haka a mas'alar gado da ɗaliban fiƙihu suka sani da suna Mushtaraka: ya yi hukunci iri ɗaya a karon farko, ya sauya a karo na biyu. Halifa Umar ɗan Abdul'aziz kuwa ya soke karɓe-karɓen da magabatansa suka ƙaga, bai ce mutuncin gidan sarauta zai zube ba.

Saboda haka shugaban da ya saurari kukan jama'a ya janye, ya yi abin yabo. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. A nan ne da yawanmu muka yi kuskure a 2005. Ina ɗalibi a Maradi a lokacin, kuma na ji da kunnena yadda ake cewa a majalisu: "Mun karya su, sun ji tsoro." Ya ku ƴan'uwa, idan jama'a ta mayar da kowace janyewa abin gori, tana koya wa shugabannin gobe ne cewa sassauci faɗuwa ce, taurin kai kuma shi ne mulki. Mun ga yadda aka yi da dokar kasafin 2018: an yi watanni ana jerin gwano, hukuma ta tsaya a kan bakanta, aka tsare jagorori daga Maris zuwa Yuli. Ban ce gorinmu ne ya jawo haka ba, amma lalle ne wanda yake son a ci gaba da sauraronsa, ya koyi cewa madalla idan aka saurare shi.

DARASI NA BIYU: HANYAR NEMAN HAƘƘI

Addini nasiha ne, kuma shugabanni suna cikin waɗanda ake yi wa nasiha, kamar yadda hadisin Tamimud Dari ya nuna. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin lura a 2005 shi ne, abin da ya fi tasiri shi ne haɗin kai da ranar da mutane suka zauna gida cikin natsuwa, sai kuma zaman tattaunawa. Ƙone-ƙone da jifa ba su rage ko dala daga farashin madara ba, sai dai sun ba da hujjar kama mutane. Wanda ya fasa shagon maƙwabcinsa da sunan yaƙi da zalunci ya aikata irin abin da yake kuka da shi, kuma biyan abin da ya ɓata yana wuyansa har gaban Allah.

Haka nan kada wani ya ɗauki janyewar haraji ɗaya a matsayin fatawar cewa duk haraji ya faɗi. Wanda ya ƙi biyan patanti ko kuɗin kasuwa, sa'an nan ya ba da toshiya a hanya domin a kau da kai, bai tsira daga maksu ba, ya ciyar da shi ne da hannunsa. Abin da ya dace shi ne ka biya abin da doka ta aza, ka karɓi takardar shaida, sa'an nan ka tambayi hukumomin gari ina kuɗin suka shiga. Wannan tambaya haƙƙinka ce, amsarta kuma amana ce a wuyansu.

DARASI NA UKU: GA ƴAN KASUWA

Wannan magana tana da ɗaci, amma masallaci wurin gaskiya ne. Mun saba ganin cewa ranar da aka ji labarin sabon haraji, farashi yana tashi tun kafin la'asar, har a kan kayan da suka daɗe a mangaza, waɗanda ba a biya musu ko tamma ba. Ranar da aka janye kuwa, sai a ce tsohon kaya ne, a dakata har ya ƙare. Wajen hawa sabon farashi, wajen sauka tsohon kaya! Wanda ya ci gaba da karɓar kashi 19 bayan hukuma ta daina karɓa, yana gaya wa mai saye cewa haraji ne, ya haɗa ƙarya da cin dukiyar mutane. Farkon Suratul Muɗaffifina ya yi narko mai tsanani ga masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar, kuma wannan hali ɗan'uwan wancan ne. Ɗan kasuwar da ya san ya yi haka, a Ɗan Isa ne ko a Maradi ko a nan kasuwarmu, ƙofar tuba a buɗe take: ya ƙiyasta abin da ya ci, ya mayar, idan bai san masu shi ba ya sadakar da shi da niyyarsu.

DARASI NA HUƊU: ABIN DA MURNA TA RUFE

Wannan shi ne mafi nauyi a gare mu mutanen Madarunfa. A daidai lokacin da ake murnar 19 ga Afrilu a birane, rumbuna sun riga sun kwashe a ƙauyuka. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a sassan ƙasa. Manomin Gabi ko Safo ko Sarkin Yamma ba burodi yake karyawa da shi ba, ba shi da famfo ba shi da kwantar wuta. Damuwarsa tiyar hatsi ce, ita kuwa kullum tashi take. Kafin tsakiyar damina, jihar Maradi, wadda ake kira rumbun ƙasa, ta zama inda aka fi ganin yara masu tamowa, kuma ƙungiyar likitocin nan ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 a ƙasar a wannan shekara. Abin da ya fi ciwo shi ne hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Yana nan, talaka ne ba shi da abin saye.

Wannan yunwa ba dokar majalisa kaɗai ta kawo ta ba, don haka janye doka bai isa ya kore ta ba. Akwai rabon masu ɓoye hatsi suna jiran tsada, alhali hadisi ingantacce a Sahihu Muslim ya kira mai yin haka mai laifi. Akwai rabon masu ba manomi bashin tiya ɗaya da bazara su karɓi biyu ko uku da kaka, wanda riba ce tsagwaronta. Akwai kuma rabonmu mu da muke iya fita titi domin kashi 19 na hukuma, amma muna nauyin fitar da kashi 10 na Allah. Hatsi da dawa idan suka kai nisabi, wato wusƙi biyar, daidai da sa'i 300, ana fitar da ushiri idan ruwan sama ne ya shayar, rabin ushiri kuma idan da inji aka yi ban ruwa, kamar masu noman rani a Jiratawa. Da kowane mai nisabi a wannan yanki yana fitarwa ranar girbi, yana kai wa mabukatan garinsa, da uwaye da yawa ba su yi tafiya a ƙasa da yara goye zuwa wuraren jinya ba.

KAMMALAWA

Amsar tambayar dattijonmu ita ce: janye haraji ba ya ƙare magana. Yana sauke nauyi ɗaya daga wuyan hukuma, sauran nauyin yana nan a kan kowa gwargwadon matsayinsa. Shugaba ya fara da kansa da mawadata kafin ya taɓa abincin talaka, ya kuma bayyana inda kuɗi suka tafi. Jama'a su nemi haƙƙinsu ba tare da ɓarna ba, su gode idan an saurare su. Ɗan kasuwa ya sauke farashi da saurin da ya ɗaga shi. Manomi da mai dukiya su fitar da zakka a kan lokacinta. Ina roƙon limamai da masu karatun dare su karanta wannan darasi ga waɗanda ba su iya karatun boko ba, musamman idan kaka ta gabato.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci da zuciyar karɓar gyara, ya sanya albarka a gonakinmu da kasuwanninmu, ya jiƙan yaran da muka rasa a 2005 da sauran magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah ya gafarta mana baki ɗaya.