Ja Wayar Lantarki a Gida Ba da Bututu Ba

Jama'ar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ga wata tambaya da masu gida kan yi: shin halal ne a ja wayar lantarki a jikin bango ba a sa ta cikin bututu ba? Amsa ita ce, sai an dubi irin wayar.

Waya iri biyu ce. Akwai tilo, mai fata guda. Wannan lalle ne a sa ta cikin bututu, gama ƙarzuwa kaɗan ta isa ta tone jan ƙarfenta. Akwai kuma wadda aka haɗa wayoyi 2 ko 3, kowace da fatarta, sa'an nan aka lulluɓe su duka da riga. Ita ce ƙa'idodin Ingila, waɗanda aka fara bugawa a 1882 kuma ma'aikatanmu suka gada, suka yarda a kafa ta a fili, amma bisa sharuɗɗa.

Na farko, a riƙe ta da maƙalai. Siririyar waya tana bukatar maƙali kowane santimita 25 in a kwance take, ko 40 in a tsaye. Kada a rataye ta a ƙusa ko a naɗa ta a azara.

Na biyu, inda kaya ko dabba ko ɓera za su iya kai mata, kamar zaure da turke da ɗakin hatsi, sai a rufe ta da bututu.

Na uku, kada a binne ta a ƙasa. Mai son kai wuta shago ko rijiya sai ya nemi waya mai sulken ƙarfe, balle a Doguwa inda damina ke da ƙarfi.

Na huɗu, a yi haɗi cikin akwati mai murfi kaɗai, a kuma haɗa wayar ƙasa a kowane soket.

Na biyar, a lura da zafi. An auna ƙarfin waya ne a kan zafin digiri 30. In ya kai 50, kamar ƙarƙashin rufin kwano da bazara, abin da za ta iya ɗauka yakan ragu da wajen kashi 3 cikin 10. Watau wayar da ta isa a ɗaki tana iya kasawa a saman silin, fatarta ta narke, gobara ta tashi mutane suna barci. Maganin wannan shi ne waya mai kauri.

Tun 2015 aka kafa hukumar NEMSA domin duba aikin lantarki da ba ma'aikatansa takardar shaida. To, mai gida, kafin KEDCO ta haɗa maka wuta, tambayi ma'aikacinka takardarsa, ka kuma sa a gwada aikin a gabanka. Kuɗin maƙali da bututu ba su kai kuɗin rufin ɗaki ba.