Yara Sun Girma, Gidana Ya Yi Shiru Ranar Kirsimeti

Tambaya: Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu. A da, tun watan Nuwamba nake zarya wajen tela, gida ya cika da hayaniya har sabuwar shekara. Yanzu babban yana aiki a Legas, mai bi masa ta yi aure, na ukun yana bautar ƙasa, autan kuma da an tashi daga sujada sai ya bi abokai. Bara ni da maigida kaɗai muka zauna gaban tukunyar shinkafa, har na yi hawaye. Shin na yi sake a tarbiyya ne? Daga wata uwa, Zariya.

Amsa: Mama, sannu da haƙuri. Ba ki yi sake ba, hawayenki kuma ba abin kunya ba ne.

Lokacin da yara ke ƙanana, bikin gaba ɗaya a hannunki yake. Ke ce mai zaɓen yadi, ke ce mai zama gaban kasko a daren 24 ga Disamba kina suyar cincin, ƙananan hannuwa na ɗauke na bakin faranti tun bai huce ba. Da safe ki shafe su da mai saboda hunturu, bayan coci ki ɗora musu kwanukan shinkafa da miya su kai gidajen maƙwabta, Kirista da Musulmi, su dawo suna ƙirga kuɗin barka. Yaro ɗan shekara 7, sabon takalmi ya ishe shi murnar mako guda. Da ya kai 15 sai ya ƙi anko da ƙannensa, ya ce a ba shi kuɗin ya zaɓi nasa. Tun daga nan bikin ya fara fita daga hannunki, hidima ce ta hana ki lura.

Bari mu fara da na Legas, don shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Hutun da gwamnati ke bayarwa kwana biyu ne, 25 da 26 ga Disamba, tafiyar Legas zuwa Zariya a mota kuwa takan cinye yini guda har ta haɗa da dare, ga kuɗin mota da ke tashi a ƙarshen shekara. Akwai kuma dalilin da samari ba sa faɗa. Wanda aka ce yana aiki a birni yana jin nauyin ya sauka hannu rabbana. Yana lissafin atamfarki, da na baba, da tsarabar gwaggo da kawu, da yaran unguwa da za su taru a ƙofa. In lissafin ya fi albashi, sai ya ce aiki ya riƙe shi. Ki kira shi ke da shi, ba a gaban kowa ba, ki ce masa ƙarara fuskarsa kike son gani, ko da jakar kayansa kaɗai zai zo. Kada ki ɗauka ya san haka. Yawancinsu sai sun ji daga bakin uwa suke yarda.

'Yarki kuwa gida biyu gare ta yanzu. In kika matsa mata, kin sa ta tsakaninki da surukanta, ita ce kuma za ta kwana da damuwar. Ku yi shawara da mijinta: bana can, baɗi nan, ko su yi Kirsimeti can su zo miki sabuwar shekara. Autan kuma a daina kallonsa a matsayin yaron da za a yi wa biki. Ba shi kuɗin cefane, ki bar masa sayen kaji da rabon abinci, ki ce ya kawo abokan nasa su ci a gida kafin su fita.

In kin buɗe Bisharar Luka sura ta 2, wadda ake karantawa a kowane Kirsimeti, za ki ga surar da ta fara da jariri a komin dabbobi ita ce ta ƙare da yaro ɗan shekara 12 da ya tsaya a Urushalima ba da sanin iyayensa ba. Sai bayan kwana uku Maryamu da Yusufu suka same shi a Haikali, hankalinsu a tashe. Ina ganin ya kamata masu wa'azi su riƙa kai wa ƙarshen surar nan saboda iyaye irinki, domin ko wannan gida mai albarka bai tsira daga zafin girman ɗa ba.

Saura tukunya. Ko dai ki rage ta, ko ki nemo mata baƙi, ni na fi son na biyun. Zariya gari ne na ɗalibai da masu bautar ƙasa, kuma kowace shekara akwai waɗanda ba su da kuɗin komawa gida. Ki tambayi shugabar Zumuntar Mata ko ta matasa a cocinku, za su nuna miki su, tare da gwauraye da tsofaffin da babu mai leƙa su ranar. Ɗa na kowa ne. Naki na ukun ma, inda aka tura shi, wata uwa ce za ta zuba masa abinci. Ki tuna da maigida kuma. Iyaye maza ba su cika faɗa ba, amma shi ma yana kallon ƙofa, sai ki ja shi ku fita gaisuwar dangi tare da yamma.

Maganar yaran kuma kada ta kai tsakiyar Disamba. Ki tara su a waya tun Oktoba ko Nuwamba, kowa ya faɗi ranar da zai samu, ku tsayar da rana ɗaya da za ku haɗu, ko da 28 ga wata ce ko farkon Janairu. Wanda kuɗin mota ya gagara, 'yan'uwansa su haɗa masa.