Filin Shawara: Ƙwallona ta ƙi hanya, kullum sai dawa

Hajiya, ni ma'aikaci ne da na ajiye aiki shekara biyu da suka wuce, shekaruna 61. Likita ya ce in riƙa tattaki saboda hawan jini, sai wani aminina ya ja ni filin golf a nan Kaduna. Abin ya shiga raina, amma ya zame mini ƙarfen ƙafa. Duk lokacin da na ɗauki sandar direba na buga, ƙwallon za ta tashi kamar abin arziki, can sai ta yi kwana hannun dama ta faɗa cikin itatuwa. Kullum bayan la'asar ina buga ƙwallo ɗari ko fiye a filin atisaye, har kanta ta fito mini a tafin hannu. Na sayi sabuwar sanda da kuɗin da uwargida ba ta san adadinsu ba. Duk wanda ya gan ni sai ya zama malamina: wannan ya ce kar in ɗaga kai, wancan ya ce in manne gwiwar hannu a jiki, da dare kuma in kwana a YouTube. Yanzu abokai Sarkin Dawa suke kirana. In haƙura ne, ko akwai magani?
Daga wani mai ritaya, Kaduna.

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya kuma rufa asiri ranar da uwargida za ta ga rasidin sandar nan.

Kada ka bari. Amma ƙwallo ɗarin nan ta kullum, ita za ka fara ragewa. Na san za ka ce ai mai nema yana tare da samu. Haka ne, sai dai jiki ba ya tantance daidai da kuskure, abin da aka maimaita masa shi yake riƙewa. Almajirin da ya haddace aya da gyara, kullum yana maimaita ta shi kaɗai babu mai saurare, ya fi wahalar gyaruwa a kan wanda bai taɓa karanta ta ba. Ƙwallo ɗari a rana tsawon watanni, ka ga ka yi wa kuskurenka tilawa mai kyau.

Cutar taka tana da suna, 'yan wasa suna ce mata silayis, kuma ita ce ta fi addabar masu koyo a ko'ina. Abu biyu ne suke haɗuwa su haife ta: inda fuskar sanda take kallo a daidai lokacin da ta taɓa ƙwallo, da hanyar da kan sandar ya biyo kafin ya iso. Idan kan sandar ya zo daga waje ya yanko zuwa hagu, fuskar kuma tana kallon dama da wannan hanyar, ƙwallon za ta tashi tana juyawa a karkace, iska ta kwashe ta zuwa dama. Na'urorin auna bugu irin su TrackMan, da wani kamfanin ƙasar Denmak yake ƙerawa, sun nuna cewa fuskar sanda ce ta fi yanke hukuncin inda ƙwallo za ta fara dosa, bambancin da ke tsakanin fuska da hanya kuma shi yake lanƙwasa ta. Zan iya rantsuwa da ka ga tana tafiya dama, sai ka ƙara juya jikinka hagu don ka rama. To wannan ƙara wa wuta fetur ne, domin yankan sai ya ƙaru.

Ni ma na sha wannan ruwan. Na shiga wasan nan da girmana, bin maigida kawai nake yi, kuma na yi kusan shekara biyu ina musu da kowa cewa ina juya kafaɗuna yadda ya kamata. Wata rana 'yata ta ɗauke ni da waya ban sani ba. Da na kalla, sai na ga wata mata tana ɗaga sanda da hannu zalla kamar mai faskare, kafaɗa ko motsi babu. Na ce mata goge abin nan. Ba ta goge ba, kuma na gode mata. Abin da mutum yake ji a jikinsa daban, abin da jikin yake yi daban, ga shi bugun gaba ɗaya bai kai daƙiƙa biyu ba, ina idon abokanka zai kama shi?

Saboda haka kana buƙatar shaidun da ba sa kara. Na farko, fuskar sandar kanta. Ka shafa mata alli ko ka barbaɗa hodar yara, ka buga ƙwallo biyar, ka duba inda tambarin yake fitowa. Idan yana taruwa can kusa da inda kan sandar ya haɗu da mariƙi, to wani ɓangare na kwanan daman nan daga nan yake, domin direba idan aka buga ta a dunduniya tana ƙara wa ƙwallo juyin dama. Na biyu, wayarka. Ka sa kadinka, mai ɗaukar maka jaka, ya tsaya a bayanka, ya riƙe ta daidai tsayin hannuwanka, tana kallon inda kake nufi, ya ɗauka da tsarin nan mai rage gudun hoto. Sai ya koma gabanka ya sake ɗauka. Wurin tsayawar ya zama ɗaya kullum, in ba haka ba hoton zai yi maka ƙarya. Kuma sau ɗaya a mako biyu ya isa. Wanda yake duba waya bayan kowane bugu, ranar da ya shiga fili babu waya sai ya zama makaho ba ɗan jagora.

Shaida na uku wani tsohon kadi ne ya nuna mini shi, a wani fili da ramukansa suke kan yashi mai gauraye da mai maimakon ciyawa, irin wanda muke ce wa burawun a nan Arewa. Bai iya Turanci ba, bai taɓa ganin bidiyon kowa ba. Ya ɗauki tsinken ɗora ƙwallo ya ja layi a ƙasa, ya jera ƙwallo uku a kan layin, ya miƙo mini sandar ayan lamba 7. Da na buga ta farko, bai ko kalli inda ta tafi ba. Ya tsuguna ya ɗora yatsansa inda sandata ta tono ƙasa, yatsa huɗu kafin layin. Ya ce, "Hajiya, ƙasa kika fara gaisarwa. Ƙwallo ce babba, ita ake fara gaisarwa." Da ayan, tonon ƙasa a gaban layi ya kamata ya fara, ɓangaren da ake nufi, kuma inda tonon ya dosa yana gaya maka hanyar da sandarka ta bi. Naka, na tabbata, hagu yake kallo.

Gyara kuwa, daga riƙo za ka fara. Ben Hogan, wanda littafinsa na 1957 har yau ake karantawa, da riƙon sanda ya buɗe darasinsa. Idan da dama kake bugu, ka riƙe sandar ka duba hannunka na hagu: ya kamata ka ga gaɓoɓin bayan yatsu biyu ko uku. Idan ɗaya kake gani, ka murɗa hannun kaɗan zuwa dama, na daman ma ya bi shi, har tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta kalli kafaɗarka ta dama. Zai yi maka banbarakwai, kamar cin tuwo da hagu. Ka daure mako biyu kana wannan kaɗai. Sai ka ga ƙwallon ta fara tafiya hagu a miƙe, kada ka tsorata, alamar fuskar ta rufu ce. Lokacin ne za ka koma kan hanya: ka ajiye gorar ruwa ta roba marar komai a wajen ƙwallon, ɗan baya kaɗan, ka riƙa bugu ba tare da ka taɓa ta ba. Duk sanda ka yanko daga waje, gorar za ta tashi sama ta tona maka asiri.

Maganar kar ka ɗaga kai, ka saurare ta da ladabi ka bar ta a nan. Annika Sorenstam da David Duval duk sun kai matsayi na ɗaya a duniya, kuma dukansu kansu yana juyawa ya bi ƙwallo tun kafin sanda ta gama aikinta. Dattijo mai shekara 61 da ya kafe kansa wuri ɗaya, wuya da ƙugu ne za su biya.

Ƙwallo arba'in sun ishe ka a zama ɗaya. Goma na ɗumama jiki da gajerun sanduna. Goma sha biyar na gyaran abu ɗaya tak, a hankali, da rabin ƙarfi. Sauran sha biyar ka buga su kamar kana cikin fili: ka zaɓi tuta, ka buga direba sau ɗaya, ka canza sanda, ka canza tuta, kada ka maimaita bugu iri ɗaya sau biyu a jere. Masu nazarin koyon motsin jiki sun daɗe da lura cewa irin wannan cakuɗaɗɗen atisaye ya fi muni a ido ranar da ake yin sa, amma ya fi zama a jiki. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta nawa ne cikin sha biyar ɗin suka sauka inda za a iya ci gaba da wasa.

Malamai kuma, dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai. Ka je wajen ƙwararren kocin kulob ɗinku, ka biya darasi uku ko huɗu, ka ba shi bidiyonka, ka riƙe nasa shi kaɗai. Kuɗin ba zai kai na sandar da ka saya ba. Sannan ka shirya wa koma-baya, domin yana nan tafe. Tiger Woods ya ci gasar Masters ta 1997 da tazarar bugu 12 yana ɗan shekara 21, amma da ya kalli faifan wasansa bai gamsu ba, shi da kocinsa Butch Harmon suka warware salon bugun suka sake ɗinkawa. A 1998 gasa ɗaya ya ci a zagayen PGA na Amurka. A 1999 ya ci takwas, a 2000 ya ci tara. Idan shi ya jure shekara guda ta fari, kai ma ka ba kanka wata uku kafin ka yanke hukunci, ko da Sarkin Dawa zai ƙara samun masu yi masa fadanci a tsakani.

*

Mama, barka da aiki. Shekaruna 19, ina ɗaukar wa 'yan wasa jaka a Jos. Wani Alhaji ya ba ni tsohuwar ayan lamba 7, da ita nake koyo in babu kowa. Ƙwallona tana tafiya daidai, amma abokaina suna dariya wai ina ɗaga sanda a karkace, ba kamar Rory McIlroy ba. Ba ni da kuɗin koci. In canza ne?
Daga ɗanki, Jos.

Ɗana, ka ce ƙwallonka tana tafiya daidai, to me kuma ake nema? A katin maki babu gurbin kyan tsayuwa. Ka nemi bidiyon wani Ba'amurke Jim Furyk. Yana ɗaga sanda ta wata hanya, ta yi gewaye a sama, ta sauko ta wata, kai ka ce igiya yake warwarewa. Mahaifinsa ne ya koya masa, bai yarda an miƙe masa salon ba. Da shi ya ci gasar US Open ta 2003, da shi ya gama ramuka 18 da bugu 58 a 2016, abin da ba a taɓa yi ba a zagayen PGA kafin shi.

Sanda ɗaya ma ba talauci ba ne a wannan matakin. Seve Ballesteros na ƙasar Sifen kadi ne kamarka, da ayan lamba 3 guda ɗaya ya koyi wasa a bakin teku a ƙauyensu, ya zo ya ci manyan gasanni biyar. Mai sanda ɗaya dole ya koyi yadda zai sa ta tashi sama, ta bi ƙasa, ta lanƙwasa dama ko hagu, abin da mai sanda 14 a jaka yakan mutu bai iya ba. Kuma kana garin da filin Rayfield yake tun 1913, ka gaji ƙasar wasa.

Abin da zan ƙara maka shi ne ƙirga. "Tana tafiya daidai" magana ce ta baki. Ka kafa alama a taku 100, ka buga goma, ka ƙirga nawa suka faɗi cikin taku goma da alamar, ka rubuta da kwanan wata. Ka yi haka a taku 50 da 30. Ka tuna ƙasar rani ta bushe, ƙwallo tana gangarawa nesa ta ruɗe ka, don haka inda ta fara dira za ka auna. In ka tara wata biyu, ka sami kocin kulob a lokacin da ba ya cikin aiki, ka gaishe shi, ka nuna masa littafin. Yaron da ya zo da lissafi a hannu ba kasafai ake korarsa ba, kuma da yawa cikin masu koyarwar nan da jaka suka fara.

*

Anti, maigidana ne yake koya mini golf a Abuja. Kafin in buga ƙwallo ɗaya ya ba ni umarni huɗu: ƙugu, gwiwa, wuyan hannu, kai. Sai in sandare in kasa komai, shi ya yi tsaki, mu dawo gida ba mai yi wa wani magana.
Daga ƙanwarki, Abuja.

Ƙanwata, koyar da mota da koyar da golf, kada miji ya yi wa matarsa, na gwada duka biyun. Laifin ba na kanki ba ne. Wata farfesa mai suna Gabriele Wulf ta shafe shekaru tana gwaji a kan wannan, har da masu koyon golf, ta gano cewa wanda ya sa hankalinsa a kan abin da ke wajen jikinsa, kamar kan sanda ko inda yake so ƙwallo ta sauka, ya fi saurin koyo a kan wanda yake tunanin gaɓoɓinsa. Ke kuwa an ɗora miki gaɓoɓi huɗu a lokaci guda.

Ki lallaba shi cikin raha ya biya miki koci, a manyan filayen Abuja irin su IBB akwai masu koyarwa da sashen mata. Idan kun fita tare, ku yi yarjejeniya tun a mota: magana ɗaya zai faɗa a rana, ita ma sai kin tambaya. Ke kuma in kin tsaya kan ƙwallo, ki riƙe tunani ɗaya, cewa kan sandarki zai share ciyawar da ke gaban ƙwallon. Sauran lokacin ki ba shi katin maki da fensir ya riƙe.