Don Me A Ke Maimaita Allurar Ƙyanda?

Sau da yawa magidanci ya kan ce, "Ai an yi wa yaron nan allura bara, ina dalilin sakewa?" To, ga dalilin.

A cikin jinin mutum akwai waɗansu fararen ƙwayoyi, ƙanana ainun, ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ne dakarun jiki. A ɓargo su ke tsira, da yawansu kuwa a kaluluwa su ke zaman dako.

Abin da ke cikin allurar nan ƙwayar ƙyanda ce da kanta, amma an karya ƙarfinta. In ta shiga jiki dakarun ba su san ta ba, sai sun yi wajen mako biyu kafin su ƙera makamin da ya dace da ita. Bayan yaƙi mafi yawansu su mutu, kaɗan su saura shekara da shekaru suna riƙe da kamanninta. Ran da ta komo, cikin 'yan kwanaki sun hayayyafa sun taru a kanta.

Amma ba kowane yaro ta farko ke kamawa ba. In an yi ta yana wata 9, cikin yara 100 wajen 15 ba ta kama su, gama makaman da jariri ya samo daga uwarsa su kan kashe ƙwayar tun dakarunsa ba su gan ta ba. Duban ido kuwa ba ya nuna wanda ta kama da wanda ta ƙetare. Saboda haka a ke yi wa kowa ta biyu, amma sai an bar aƙalla mako 4 tsakani.